Sunan Mai Shi

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki, kuma aikin da ya kai ki wannan nisa yana yi miki albarka. Mu nan sai godiya. Mamanku tana nan yadda kika ji labari: hannun hagu yana aiki, harshe bai dawo ba, tana karɓar magani ba gardama. Ni kuma na koma aji.

Wasiƙarki ta ta'aziyyar ɗanmu Auta ta iso. Na karanta, na kuma karanta mata. Ban amsa a lokacin ba saboda ban sami kalmomin da suka dace ba, kuma ba na son rubuta waɗanda ba su dace ba. Allah ya ba da lada. Rabona da ke tun jana'izar mahaifinki, ɗan baffana, kuma na san ba kyau mutum ya tuna da zumunci sai ranar buƙata. Duk da haka buƙata ce ta zaunar da ni rubutun nan.

Lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Mamanku, Auta ya haɗa mata wata 'yar na'ura. Baƙin akwati ne da bai kai girman littafi ba, yana kan durowar gefen gado, bayan kwalaben magani. Akwai madanni da ya ɗaure mata a hannun hagu da igiyar roba. Idan ta danna, abu biyu ke faruwa. A ɗaki, akwatin zai yi magana da muryarsa: "Mama, na gaya wa Baba, yana hanya." Ni kuma wayata za ta yi ƙara duk inda nake, in ɗauka in ji shi yana cewa, "Farfesa, a rufe littafi, Madam na kira." Haka ya naɗa. Na ce ya gyara, wannan ba maganar ɗa da uba ba ce. Ya ce in ban gamsu ba in shigar da ƙara, tunda ni ke koyar da shari'a.

Mai jinya tana zuwa da safe, ta tashi bayan azahar. Daga nan har in dawo daga jami'a da yamma, babu kowa a gidan sai Mamanku da wannan akwati. Tsakanin ajina da ƙofar ɗakinta tafiyar mota ce gajeriya, kuma ban taɓa makara ba.

Yanzu akwatin ya fara gazawa. Fankarsa tana gurnani, yana mutuwa da kansa, sai an zare wayar wuta an mayar kafin ya farfaɗo. Na kai wa wani mai gyara, ya jujjuya shi, ya ce bai san yadda yaron ya tsara cikinsa ba, kuma ba zai ɗauki alhaki ba. Na yaba masa da wannan gaskiyar.

Auta ya sha gaya mini cewa duk duniya ke kaɗai ce kike duba aikinsa ki kira shi jaki ya yi dariya. Saboda haka nake tambaya: akwai yadda za a mayar da abin da ke cikin wannan akwati cikin sabo, ba tare da an rasa komai ba? Ina nufin komai.

Ki gaida maigidanki.

Baffanki

*

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da jin kuna lafiya. Ka riƙe mini hannun Mama ka ce ina gaishe ta, ka ce yarinyar nan da ta fasa mata madubin durowa ce, za ta gane. Har gobe Auta ne ya turo ni, amma ni na sha faɗan.

Akwai yadda za a yi. Jakin nan ya taɓa turo mini tsarin duka in duba masa, kuma ban share ba. Na sayi sabon akwati na shirya shi, wata abokiyar aikina da za ta zo wajenku za ta kawo maka har ofis. Abu uku kawai suka rage, su kuma suna cikin ƙaramin katin da ke bayan tsohon akwatin: manhajar kanta, da muryoyin nan biyu, da wani ɗan fayil mai ɗauke da lambar wayarka da mabuɗin kamfanin da ke sada kiran. Ka zare katin ka sa a sabon, ka haɗa allo, sai ka rubuta layukan uku da na maƙala a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

Baffa, ba kamar kwashe kaya daga ɗaki zuwa ɗaki ba ne. Kowane layi yana aiki uku a lokaci guda: yana kwafe fayil zuwa mazauninsa, yana rubuta sunan mai shi, yana kuma faɗin wanda aka yarda ya buɗe. Muryoyin na bar su a buɗe, kowa na iya kunnawa. Amma fayil ɗin lambar waya za ka ga na sa masa ɗari shida. Ma'anarta mai shi kaɗai ke iya karantawa, ko maƙwabcinsa a cikin na'urar ba zai leƙa ba. Dole ne haka, saboda mabuɗin.

Auta komai da sunansa yake tafiyar da shi, na yi faɗa har na gaji. A sabon akwatin na sa wani ɗan ma'aikaci na musamman da zai riƙa kula da kiran, na raɗa masa maigadi. Shi ma Auta na buɗe masa ɗakinsa da sunansa, na zuba tarkacensa a ciki. Na ɗora yatsa zan share, na kasa.

Sunan mai shi kuwa, Baffa, don Allah ka bar shi yadda yake, kada a taɓa.

In ka gama ka danna ka gwada, ka tabbata wayarka ta yi ƙara. Gobe za a tura ni wani aiki a tsakiyar teku, inda sadarwa sai an yi sa'a, don haka in ka ji ni shiru ba mantawa na yi ba. Kai fa, kana cin abinci? Ba ka faɗa ba.

'Yarka

*

'Yata,

Bayan sallama da fatan alheri, ina roƙon Allah ya tsare ki a kan ruwa, ya dawo da ke lafiya. Mamanku ta ji saƙonki. Da na ambaci madubi sai gefen bakinta ya motsa. A wurinta yanzu wannan dariya ce. Ina cin abinci.

Abokiyar aikinki ta kawo akwatin. Ranar Asabar da hantsi na ja teburin guga kusa da gado, na ɗora allo a kai, na zare katin kamar yadda kika ce. Kafin in rubuta komai sai na buɗe shi in ga abin da ke ciki, domin ba na sa hannu a takardar da ban karanta ba.

Fayilolin suka jeru, kowanne a layinsa, kuma a gefen kowanne akwai kalma ɗaya: auta. Daga sama har ƙasa.

Na shafe rayuwata ina koyar da dokar mallaka. Kowace shekara ina tsayawa gaban ɗalibai in ce musu mamaci ba ya mallakar komai; da fitar numfashi dukiya ta koma hannun magada, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Na faɗi haka sau da yawa ba tare da muryata ta canza ba. A watannin nan na ga an aiwatar da darasin. Wurin aikinsa sun karɓi katin shiga, mai gidan haya ya karɓi makulli, layin wayarsa an ba wani. Na kira sau ɗaya, wani mutum ya ɗauka yana tauna abu. Wannan kati ne kaɗai wurin da labari bai kai ba.

Sai a lokacin na fahimci jumlarki, cewa a bar sunan mai shi yadda yake. Kin faɗe ta a taƙaice, kika wuce zuwa wata magana, kuma na gode da wannan kara. Mahaifinki ma haka yake, ba ya tsayawa a kan ciwon mutum.

Na lura a layukan uku kin rubuta maigadi a gurbin mai shi. Na ɗauka gaggawar tafiya ce, tunda wasiƙar ta fayyace nufinki, kuma ƙa'ida ce in rubutu biyu suka saɓa a bi wanda ya bayyana niyya. Na gyara duka ukun, na mayar da auta. Ɗari shida da sauran lambobin ban taɓa su ba. Na'urar ta karɓa, ba ta yi ƙorafi ba.

Na ɗaura mata madannin, na danna da yatsana a kan nata. Fitila ta kama, muryar ta fito sarai, ta ma fi ta tsohon akwatin tsabta. "Mama, na gaya wa Baba, yana hanya." Ta dubi ƙofa, alhali ina tsaye a gefenta. Na fita baranda na ɗan tsaya.

Wayata tana cikin mota a lokacin, kuma daga baya na tarar cajinta ya ƙare. Ban sake dannawa ba. Muryar ta fito, wannan ya ishe ni shaida, kuma ya ishe ni na yini ɗaya.

Tsohon akwatin na naɗe shi a tawul na sa a durowa. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ban ji daga gare ki ba, amma kin riga kin gargaɗe ni, don haka ban damu ba. Ina fatan teku tana kwance. Lafiyata ƙalau. Ta Mamanku kuma ina da labari mai daɗi, ko da yake akwai wani gefe nasa da ban gama fahimta ba.

Ban gaya miki a baya ba cewa tun rasuwar, kiranta ya yawaita. Wani lokaci ina tsakiyar jumla a aji wayar za ta yi ƙara, in rufe littafi in tafi, in tarar ba ta buƙatar ruwa, ba ta buƙatar juyi, ba ta buƙatar komai. Na san abin da take dannawa ta ji. Ban taɓa nuna mata na sani ba, kuma ban taɓa ƙin zuwa ba. Ɗalibai sun saba. Da sun ji ƙarar sai su fara tattara takardu. Shugaban sashe ya yi mini magana sau ɗaya, cikin ladabi.

Tun da aka sa sabon akwati, wayar ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Na kammala darussa biyu da suka daɗe suna jirana. Na ɗauki wannan a matsayin dangana. Likitanta ya taɓa cewa lokacin zai zo, kuma yakan zo ba sanarwa.

Gefen da ban fahimta ba shi ne, idan na dawo da yamma ba ta dubana. Da, da jin makulli idonta na kan ƙofa. Yanzu ina tarar da fuskarta a bango. Shekaranjiya na sami kofin ruwa a ƙasa ya fashe, jiya kuma zanin gado a jiƙe, abin da bai taɓa faruwa ba, domin ita mace ce mai tsantseni ko a wannan hali. Na canza shi. Ta rufe ido har na gama.

Na tambayi mai jinya da safe. Tana matse tsumma ta ce, "Farfesa, me ka yi wa Mama?"

Na ce ban yi komai ba.

Ta ce, "To, duk namijin da ya ce bai yi komai ba, nan laifin yake. Ni dai na san fushi in na gan shi. Wannan ba ciwo ba ne, fushi ne. Ka zo mata da turare ka ba da haƙuri, ko ba ka san dalili ba. Mijina haka yake yi, shi ya sa har yau yake da rai."

Na ce zan duba shawarar.

Wani abu kuma, ƙarami. Tsohuwar da tagarta ke fuskantar tamu ta tare ni a matakala. Ta kama hannun rigata ta ce, "Ɗana, ina jin yaron nan da yamma. Yana ta magana, yana ta magana, har sai na rufe taga." Na ce mata Allah ya jiƙansa. Ita ta yi renonsa lokacin muna aiki mu biyu, kuma kunnen mai makoki yana jin abin da babu. Da an danna, da wayata ta yi ƙara. Ni ma nakan ji shi wani lokaci a bayan aji.

Gobe muna da zaman kare digiri na uku, ɗalibai a jere, da baƙin malamai daga waje. Ni ne shugaban zama, ba zan fito ba sai magariba. Mai jinya ta roƙi ta tashi da wuri, za ta kai mahaifinta asibiti, na amince. Wayar za ta kasance a gabana a yanayin da Auta ya saita mini don aji, wanda babu kiran da ke shiga sai na akwatin. Da ba don aikinki ba, da ban iya karɓar wannan zama ba.

Baffanki

*

Baffa,

Yanzu na sauka, yanzu na karanta wasiƙunka biyu. Ina ta kiranka ba ya shiga. Ba ni da lambar mai jinya, ba ni da ta kowa a gidan.

Ka tashi ka tafi gida. Ka bar zaman.

Sunan mai shi yadda yake a layin da na rubuta nake nufi, Baffa, ba yadda yake a tsohon kati ba. Maigadi ne ke yin kiran. Fayil ɗin lambarka yanzu na Auta ne, kuma ɗari shida ta ce mai shi kaɗai zai buɗe. Maigadi yana zuwa ya tarar da ƙofa a kulle. Muryar a buɗe take, shi ya sa take fita. Kiran ne ba ya fita. Tsohuwar nan ba gizo kunnenta ke yi mata ba. Mama tana dannawa.

Laifina ne, jumla ɗaya ce da na ƙara da ba a kai nan ba. In ka isa ka sake rubuta layukan yadda na aiko su. Amma ka fara zuwa. Don girman Allah ka buɗe wannan saƙon.

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin huta daga gajiyar tafiya. Na san abokiyar aikinki ta sanar da ke abin da ya fi muhimmanci, cewa Mamanku tana da rai. Na jinkirta rubutu har sai mun dawo daga asibiti, domin in ba ki labari cikakke.

Na ga saƙonki da aka tashi sallar la'asar. Na karanta shi a tsaye a baranda. Na koma na gaya wa baƙin malamai cewa mataimakina zai ci gaba, na ɗauki makulli.

Tun daga matakala na ji shi. Tsohuwar ta yi gaskiya, yana fita har waje. Ina juya makulli yana cewa yana hanya, ina cikin falo ya sake faɗa. Na tarar da ita tsakanin gado da bango. Da alama ta miƙa hannu ne wajen ruwa, jikin ya bi hannun. Kafaɗar dama tana ƙarƙashinta, fuskarta a kan tayil, babban yatsanta a kan madannin. Ban san tun yaushe ba. Likita ya ce ƙashin kafaɗa ya tsage, akwai kuma sanyin da ya shiga ƙirji, amma sun shawo kansa. An ɗaure hannun. Shi ne dama wanda ba ya aiki.

Kada ki ce laifinki ne. Jumlarki tana ɗaukar ma'ana biyu, na zaɓi ɗaya. Kin ce in tabbata wayar ta yi ƙara, wannan kuwa ba ta ɗaukar ma'ana biyu.

Ranar da muka dawo, bayan ta yi barcin rana, na ja teburin guga na rubuta layukan uku yadda kika aiko su. Na duba jerin. Maigadi, maigadi, maigadi. Bai ɗauki lokacin shan ruwa ba.

Akwai abin da ba ki faɗa mini ba, wataƙila ba ki sani ba. Auta ya tsara shi ta yadda kiran da bai fita ba, ba ya ɓata. Yana jira a layi. Ina rufe allo wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na fita baranda na ɗauka. "Farfesa, a rufe littafi, Madam na kira." Na kashe, ta sake ƙara. Na ɗauka. Na fahimci cewa na kwanakin nan ne duka suke shigowa, ɗaya bayan ɗaya. Ina iya kashe wayar, na sani. Na ɗauki kowanne. Ban ƙirga ba. Inuwar ginin da ke gabanmu ta haye titi kafin su ƙare.

Yanzu yana aiki. Na gwada a gabanta, wayar a hannuna, na nuna mata tana ƙara. Na yi mata bayani dalla-dalla, na ce yaron bai yi mata ƙarya ba, ya faɗi abin da aka ba shi ya faɗa, ni ne saƙon bai iso wa ba. Ta saurara har na gama. Da muryar ta fito ba ta dubi ƙofa ba.

Washegari mai jinya ta tarar da madannin a ƙasa. Ta cire igiyar da haƙori. Na mayar na ɗaura, ta bar ni. Hannun yana kwance a kan bargo inda na ajiye shi. Na ce ta danna sau ɗaya kawai, in gani. Ta rufe ido.

Na nemi hutu daga jami'a, sun ce sai ƙarshen zango. Ina neman wadda za ta zauna da ita da yamma, ban samu ba tukuna. Tsohuwar ta yarda ta riƙa leƙawa, amma matakala tana ba ta wuya.

Ina da tambaya ta fasaha, in kin sami sarari. Akwai layin da za a ƙara, wanda zai sa na'urar ta bambanta mini tsakanin wadda ba ta buƙatar komai da wadda ta daina kira? In akwai, ki rubuto shi cikakke, ba zan canza ko harafi ba.

Ina rubuta wannan a ofis, kafin darasin yamma. Mai jinya ta tashi tun ɗazu. Wayar tana gabana, cajinta cike, ba ta yi ƙara ba.

Ki gaida maigidanki.

Baffanki